Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa birnin Krakow na ƙasar Polan, kan batun duwatsun Tatra

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da jin jami'ar ta ba ka gurbi. Allah ya sanya alheri, ya sa a fara a sa'a. Ka ce tun da takardar ta zo ba ka da aiki sai kallon bidiyon garin Zakopane a waya, kana tambaya ko ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi zai iya zuwa wurin, ko baƙar fata Musulmi zai sake a can, da kuma ko gaskiya ne mutum kan taka da ƙafa ya shiga Sulobakiya ba mai ce masa uffan. Shekarata ta shida ke nan a Krakow, kuma ba a yi shekarar da ban hau duwatsun nan ba, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Zuwa dai ba wuya. Zakopane na kudu da Krakow, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai, a gindin duwatsun Tatra da suka raba Polan da Sulobakiya. Motocin bas na tashi daga tashar da ke manne da babbar tashar jirgin ƙasa, awa biyu da wani abu ka isa idan hanya ba cunkoso. Ranar hutu kuwa, musamman farkon watan Mayu da tsakiyar bazararsu, sai haƙuri. Da zarar makaranta ta ba ka katin shaidar ɗalibi, ka riƙe shi gam, domin ɗalibin da bai kai shekara 26 ba ana rage masa kashi 51 cikin ɗari na kuɗin jirgin ƙasa, kuma ana yi masa ragi a tikitin shiga gandun Tatra. Ni yawanci sammako nake yi, in tafi da guzurina a jaka, shayi a fulas da burodi da dafaffen ƙwai da dabino, in dawo in kwana a ɗakina. A haka aljihu ba ya jin jiki. Abin da ke cinye kuɗi shi ne kwana a otal da cin abinci a titin Krupówki, inda 'yan yawon buɗe ido ke cincirindo.

Tafkin da ka turo mini hotonsa shi ne Morskie Oko, wato Idon Teku. Daga Zakopane ƙaramar bas za ta kai ka wani wuri da ake kira Palenica Białczańska, daga nan sai ƙafa: kusan kilomita takwas zuwa tara a kan kwalta, hawa a hankali, awa biyu da rabi ga wanda bai saba ba. Akwai kekunan dawaki masu ɗaukar mutane, amma kai matashi ne, ka taka abinka. Zuwana na farko a watan Oktoba ne. Na yi ta tafiya cikin dogayen itatuwa har na fara tunanin ko an zuzuta wurin ne kawai, sai na zagaya bayan gidan saukar matafiya da ke bakin tafkin, na tsaya cik. Ruwa ne kore shar, garau har kana ganin kifi da duwatsun ƙasa, ga baƙaƙen tsaunuka sun kewaye shi sun tokare sama, kawunansu fari fat. Babu abin da ya fito daga bakina sai Subhanallah. Tafkin yana mita 1,395 sama da teku. A samansa akwai wani, Czarny Staw, hawan kamar minti hamsin a kan matakalar duwatsu, kuma daga can hanya ke miƙewa zuwa Rysy, mita 2,499, ƙololuwa mafi tsawo a Polan. Ta ɗara Chappal Waddi tamu ta Taraba da mita tamanin kacal, amma yanayin ba ɗaya ba ne ko kusa. An hana wanka a tafkunan, an kuma hana kauce wa hanyar da aka shata.

Nan ne nake son ka buɗe kunne da kyau. Mu da muka taso muna hawa Dala da silifas, mukan ɗauka dutse dutse ne. A Tatra za ka bar gindi da rana tsaka kana gumi, kafin ka yi awa biyu hazo ya rufe ka, iska na neman ture ka, yatsunka sun ƙage. Ranar 22 ga Agustan 2019 tsawa ta faɗa kan Giewont, dutsen nan mai mita 1,894 da aka kafa wa gicciyen ƙarfe a ka tun 1901. Mutum huɗu suka rasu, biyu daga ciki yara, fiye da ɗari suka jikkata, da yawansu suna riƙe da sarƙoƙin ƙarfen da ake kamawa a hau. A bazara hadari ya fi haɗuwa bayan azahar, shi ya sa masu hankali ke fita da asuba su sauko da wuri. Ni kaina na taɓa juyawa saura ƙiris in kai sama, don na ji rugugi daga nesa, kuma ban yi da na sani ba. Hanyoyin an yi musu alama da fenti a jikin itace da dutse, ja ko shuɗi ko kore ko rawaya ko baƙi, tsakanin farare biyu. Launin ba ya nuna wahala, kada ka ga kore ka ce mai sauƙi ce. Rysy da hanyar da suke kira Orla Perć ka bar su tukuna, sai ka shekara kana sabawa. Daga Nuwamba har zuwa Mayu saman duwatsun na cikin ƙanƙara, kuma takan zaftaro ta binne mutane. Ƙungiyar ceto ta TOPR, wadda ke aikin nan tun 1909, ana kiranta ta 985 ko 601 100 300. Ka ajiye lambobin a waya tun kafin ka fita. A ɓangaren Polan ceto kyauta ne, a ɓangaren Sulobakiya kuwa kai za ka biya, har kuɗin jirgi mai saukar ungulu, sai fa idan ka yanki inshora. Ta 'yan kwanaki ba ta da tsada.

Wannan ya kawo mu batun iyaka. Gaskiya ne ba shinge, ba sandar kwastan. Ƙasashen biyu sun shiga yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka ɗauke binciken iyaka a tsakaninsu, tun Disambar 2007. A hanyar Morskie Oko ma wayarka za ta iya kamo layin Sulobakiya ta yi maka maraba alhali kana cikin Polan. A kan Kasprowy Wierch, mita 1,987, inda motar igiya ke kai mutane tun 1936, ƙananan duwatsun iyaka ne kawai a jere, ƙafarka ɗaya a nan ɗaya a can. To amma rashin shinge bai ɗauke maka doka ba. Muddin bizarka ta karatu na da rai, ko katin zamanka da suke kira karta pobytu na hannu, kana iya shiga sauran ƙasashen Schengen har kwana 90 cikin kowane 180. Matsalar tana tsakani: biza ta ƙare, ka nemi kati, an buga maka hatimi a fasfo, kana jira wata da watanni. Hatimin nan ya halatta maka zama a Polan ne kaɗai, bai ba ka izinin tsallakawa ba. Kuma jami'an iyaka na tare mutane su duba takardu, a Oktoban 2023 ma an mayar da bincike na wucin gadi a wannan iyakar.

Na ga wannan da idona a kogin Dunajec, gabas da Zakopane, a duwatsun Pieniny. A can ake hawa kwale-kwalen katako guda biyar da aka ɗaure wuri ɗaya, mutum biyu 'yan garin sanye da riga mai ado da hula mai wuri suna tuƙawa da dogayen sanduna, kilomita 18 daga Sromowce zuwa Szczawnica, awa biyu da ɗoriya, tsaunin Trzy Korony na kallonka daga sama. Kogin kansa shi ne iyaka a wani yanki na tafiyar. A Sromowce Niżne akwai gadar ƙafa da ke tsallakawa zuwa ƙauyen Červený Kláštor na Sulobakiya. Mu huɗu muka je, har da wani ɗan'uwa Bahaushen Kumasi da ke jiran katinsa. Muka zo bakin gadar, Turawa na ta wucewa da kekuna da 'ya'yansu, ba ɗan sanda ko ɗaya. Ya ce mu je mu dawo, shi zai jira. Muka roƙe shi, minti goma ne fa. Ya ce karatun shekara uku da kuɗin gonar mahaifinsa ba zai sa su a caca don minti goma ba. Muka zauna tare da shi a bakin ruwa muka sha shayi. Bayan wata huɗu katinsa ya fito, muka koma muka tsallaka tare. Ka riƙa tafiya da fasfonka na ainihi duk ranar da za ka kusanci iyaka.

Mutanen wurin, Górale, makiyayan tumaki ne tun asali, kuma duk wanda ya san ruga zai gane su. Daga ƙarshen Afrilu zuwa kaka suna zama a bukkokin katako a makiyaya, wuta na ci dare da rana, cukunsu mai suna oscypek jere a saman hayaƙi. Na taɓa shiga ɗaya a kwarin Chochołowska, hayaƙi ya cika mini ido, tsohon ya miƙo mini żętyca a kofin itace, ruwan nonon tumaki mai ɗan tsami. Na ce masa a ƙasarmu ma akwai masu bin dabbobi haka, shanu ne nasu. Ya yi ta tambayata yawan shanun da mutum ɗaya kan mallaka. Kallo kam za a kalle ka, yara ma har da nuni, amma a kan hanyar dutse kusan duk wanda ka haɗu da shi zai ce maka dzień dobry, wato barka da yini, kai ma ka amsa. Sau ɗaya wani ya yaɓa mini baƙar magana, da dare ne a cikin gari, kuma a buge yake. Tun daga nan ba na kai dare a titin mashaya.

Abinci sai ka yi hattara, naman alade ya yi yawa a girkinsu. Ka haddace kalmar wieprzowina, shi ne alade, da smalec, kitsensa da ake shafawa a burodi. Miyar kabejinsu kwaśnica galibi da naman alade ake yi, kuma ko pierogi, ƙullin fulawa da ake cusa wa dankali da cuku, akan barbaɗa masa soyayyen kitse, sai ka ce a bari. Gasasshen kifin pstrąg da gasasshen oscypek sun ishe ka. Yanzu da Larabawan Dubai da Saudiyya suka yawaita a Zakopane, ana samun wuraren cin halal, har da rubutun Larabci a ƙofa. Sallah kuwa nakan shimfiɗa jaket a gefen hanya in yi abata, ba wanda ya taɓa hana ni. Ka dai lura da lokaci: a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, a Yuni sai wajen tara na dare.

Duhun Disambar nan shi ne abin da ya fi ba ni wuya a shekarar farko, ya fi sanyin ma. Daga aji sai ɗaki, kewar gida ta danne ni, ga hayaƙin kwal da kan lulluɓe Krakow a hunturu. Ranar da wani abokin karatu ya ja ni muka hau Gubałówka, tudun da ke kallon garin, muka tarar da rana tas a sama, duwatsun Tatra jere a gabanmu farare, ranar na fara jin zan iya zaman ƙasar nan. Shi ya sa nake ɗaukar tambayarka da muhimmanci.

Karatu na farawa 1 ga Oktoba, kuma kwale-kwalen Dunajec na aiki har ƙarshen watan, don haka za ka riske su. Kada ka sayi takalmin dutse ko rigar ruwa a gida, a nan za mu nemo masu kyau a shagunan gwanjo. Ka dai taho mini da yaji da kuka da daddawa. Asabar ta biyu bayan saukarka, in Allah ya kai mu kuma gari ya yi kyau, za mu kama bas ɗin asuba zuwa Morskie Oko. Ka gaishe mini da Baba da Inna, ka ce su ci gaba da sa mu a addu'a.