Zauren Harsuna: Ɗalibin da ya shigo aji da Sifaniyanci a bakinsa

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da Ingilishi da yamma a wata ƴar makaranta a unguwar Bukoki, nan Yamai. Ɗalibaina duk ƴan lakwal ne da suka tashi da Faransanci. Bana sai aka kawo mini mutum biyu da suka fita daban: wani likita da ya yi karatunsa a Kuba, da wata yarinya ƴar shekara 16 da aka haifa a Saragosa ta ƙasar Sifen, iyayenta suka dawo gida da ita. Dukansu suna jin Hausa, amma da sun buɗe baki za su yi Ingilishi, Sifaniyanci ne ke riga fitowa. Ni kuwa ko gaisuwa ban iya da shi ba. Ta ina zan kama? Daga wani malami a Bukoki, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba sai ka iya Sifaniyanci ba. Abin da kake buƙata shi ne ka san wuraren da gininsa ya saɓa da na Ingilishi, domin a nan za su riƙa tuntuɓe, kuma wuraren ba su da yawa. A da dama daga cikinsu Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi, saboda haka da ita za ka yi tsani.

Fara da wakilin suna. A Sifaniyanci ƙarshen aikatau ne ke nuna mai aikin: *hablo* na nufin ina magana, *habla* yana magana ko tana magana, ba sai an ce "ni" ko "shi" ba. Wannan ɗabi'a suke ɗaukowa su ce "Is late" ko "Is raining", alhali Ingilishi ba ya yarda jimla ta tafi babu kai. Sai an ce *It is late*, *It is raining*. Ka tambaye su: in wani ya zo jiya, za a ce "zo jiya"? Za su ce a'a, sai "ya zo jiya". To haka Ingilishi yake. Ka rubuta jimloli goma a allo ka bar gurbin farko a buɗe su cike, rabi a kan yanayi da lokaci, inda *it* ba ta nufin kowa: *it is hot*, *it is four o'clock*. Sai dai ka lura da ramin da Hausar kanta ke haƙawa. Mu muna cewa "Musa ya zo", suna da wakilinsa tare, sai ka ji ɗalibi ya ce "Musa he came". A Ingilishi ɗaya ake ɗauka, ko sunan ko wakilin.

Na biyu, *his* da *her*. Sifaniyanci na da kalma ɗaya, *su*, wadda ke ɗaukar nasa da nata da nasu. Faransanci ma ba ya taimako a nan, domin *son* da *sa* jinsin abin da aka mallaka suke bi, ba na mai shi ba. Hausa ce ke warware wannan cikin minti biyar: gidansa *his house*, gidanta *her house*, motarsa *his car*, motarta *her car*. Ka ce su duba gaɓar ƙarshe kawai, sa ko ta. Ɗalibanka ƴan Faransanci ma su zauna wannan darasi, ciwon ɗaya ne.

Inda za ka zuba lokaci sosai shi ne *do*. Babu irinta a Sifaniyanci, babu a Faransanci, babu a Hausa. Mai Sifaniyanci in zai yi tambaya murya kawai yake ɗagawa, in zai kore magana sai ya sa *no* gaban aikatau, shi ya sa za ka ji "You speak English?" da "I no speak". Kada ka zubo musu dokar gaba ɗaya. Mako na farko ka tsaya ga *I*, *you*, *we*, *they* da aikatau biyar da ake yi kullum: *eat*, *drink*, *work*, *live*, *speak*. Kowa ya tambayi na kusa da shi, *Do you drink tea?*, ya amsa *Yes, I do* ko *No, I don't*. Mako na biyu ka shigo da *he* da *she*, kuma a nan ne kuskuren "Does she speaks" zai ɓullo. Ka nuna musu cewa harafin s guda ɗaya ne tak a jimlar: a *she speaks* yana jikin aikatau, da *does* ta shigo sai ya koma jikinta, aikatau ya zauna tsirara. Ka rubuta s ɗin a ƴar takarda, ka manna ta a allo, ka ciro ta daga *speaks* ka mayar kan *do* a gabansu. Sai mako na uku a taɓa *did*, kuma doka ɗaya ce: *Did you go?*, ba "Did you went?" ba. In ka ga wani ya fara cewa "Do you are tired?", to ya koyi darasin har ya zarce. Ka gaya masa *be* da *can* ba sa neman ɗan rakiya, da kansu suke wucewa gaba: *Are you tired?*, *Can you come?*

Korewa biyu a jimla ɗaya daidai ne a Sifaniyanci, *no tengo nada*, sai su ce "I don't have nothing". Ana jin haka a bakin wasu Turawan ma, amma a jarrabawa jan biro ne. *I don't have anything*.

Shekaru kuwa, duka harsunan uku sun haɗa baki a kan Ingilishi: *tengo veinte años*, *j'ai vingt ans*, ina da shekara 20. Shi kaɗai ke cewa *I am twenty*. Haka yunwa da ƙishirwa da sanyi, *I am hungry*, *I am thirsty*, *I am cold*. Wannan hadda ce kawai, babu dalilin da za ka kawo. Sifa ma ba ta da wuya: tana zuwa gaban suna kamar "fararen gidaje", amma ba ta ɗaukar jam'i. *White houses*, ba "whites houses" ba.

Sai furuci, kuma a nan mutanenka biyu za su rabu. Yarinyar da ta tashi a Saragosa tana da sautin farkon *think* a bakinta, shi take yi in ta ce *cinco* ko *zapato*, har da sunan garin nata. Ka ce mata shi ne, an gama. Likitan ba shi da shi, domin a Kuba s ake yi a wurin. Bugu da ƙari, Sifaniyancin Kuba na haɗiye s ta ƙarshen kalma, saboda haka zai rubuta *two books* daidai amma ya furta ba s. Ka sa shi karatu da babbar murya minti biyar kowace rana, yana jan s ɗin kamar mai korar kaji. Abin da suka yi tarayya a kai uku ne. Kalmar Sifaniyanci ba ta farawa da s da wani baƙi a bayanta, sai su ce "eschool", "estudent". Bahaushe kuma tsakiya yake cusa wasali, shi ya sa muke da sitiyari da sukurudireba. Maganin duka biyu shi ne a ja s ɗin tukuna, "sss", sannan a ɗora sauran. Na biyu, b da v sauti ɗaya ne a wurinsu, *very* da *berry* ba bambanci. Ka sa su ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Na uku, wasulansu biyar ne kacal, don haka *ship* da *sheep* duk ɗaya suke ji. Ka tuna musu garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo. Bambancin Ingilishin bai tsaya ga tsawo kaɗai ba, amma kunnen da ya raba waɗannan biyu ya yi rabin tafiya.

Tambaya: Malamai, barkanku da aiki. Mushenmu ya ce wanda ya iya Faransanci ko Sifaniyanci ya riga ya mallaki rabin kalmomin Ingilishi. Gaskiya ne ko ƙarfafa mana gwiwa kawai yake? Daga wata ɗaliba a Yantala, Yamai.

Amsa: Yarinya, mushenku bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya ba ku. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, kalmominsa da na Latin suka kwarara cikin Ingilishi. Sifaniyanci ma daga Latin ya fito. Shi ya sa akwai ƙa'idojin da ke aiki kusan kullum: *nación* ta zama *nation*, *universidad* ta zama *university*, *famoso* ta zama *famous*, ƙarshen *mente* kuma ya koma *ly*. Matsalar ita ce waɗannan kalmomin littafi ne. Na kasuwa da cikin gida, *eat*, *go*, *come*, *water*, *house*, *give*, tushensu Jamusanci suka haɗa da shi, kuma ba wanda zai ba ki su kyauta.

Sannan akwai masu kama da wane. *Library* ɗakin karatu ne, ba kantin littattafai ba kamar *librairie* da *librería*. *Actually* na nufin "a gaskiya", ba "a halin yanzu" ba. *Assist* taimako ne. Halartar taro *attend* ne. Masu Sifaniyanci suna da nasu na daban: *éxito* nasara ce, *exit* ƙofar fita, *ropa* tufafi, *rope* igiya, *sopa* miya, *soap* sabulu. Wadda ta fi ba da kunya ita ce *embarazada*, mai juna biyu, da *embarrassed*, wanda kunya ta kama. Ki ware shafi ɗaya a ƙarshen kayenki don irin waɗannan, kowace kalma da cikakkiyar jimla, ba fassara tsura ba.

Tambaya: Ina kai albasar Galmi Kumasi da Akara. Ciniki da baki ina ɗan taɓawa, amma lambobi ke rikita ni, a waya da a takarda. Daga wani ɗan kasuwa a Tawa.

Amsa: Alhaji, wurare biyu ne kuɗi ke zubewa. Na farko 13 da 30, 14 da 40, har zuwa 19 da 90. A *thirteen* nauyin murya na ƙarshe kuma akwai n; a *thirty* nauyin na farko, ƙarshen gajere. A waya n ɗin nan ɓacewa take yi, don haka kada ka dogara da kunne. Ka tambaya *one three or three zero?*, kuma ka ce a turo maka adadin a rubuce ta WhatsApp kafin a ɗora buhu ɗaya a mota.

Na biyu ɗigo da waƙafi. A Faransanci, haka ma a Sifen, waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta: 2,5 biyu da rabi ke nan. A Ingilishi an juya: 2.5 ne biyu da rabi, 2,500 kuwa dubu biyu da ɗari biyar. Za ka kuma ji ana cewa *fifteen hundred*, wato 1,500. In za ka faɗi farashi da sefa, ka fito da adadin faran gaba ɗaya, domin lissafinmu na dala bai haye iyaka ba: dala 20 *one hundred francs* ce, jika 5 kuma *five thousand*. Wanda ya fassara dala 20 da *twenty* ya sayar da kayansa a kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsu.