Ga Mai Son Rubuta Labarin Siyasar da Ya Ji a Bakin Mahaifinsa

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai da masu amsawa suka lafa. Ka ce mahaifinka ɗan PRP ne na gidi, ka tashi kana jin labarin Malam Aminu Kano, jagoran jam'iyyar, da Abubakar Rimi, gwamnan Kano, da santsi da taɓo (ɓangarori biyun da PRP ta rabu, santsi na Rimi, taɓo na Malam) a bakinsa, yanzu kana so ka riƙa rubuta waɗannan abubuwa, amma duk abin da ka sa a Facebook ko dai a zo a zage ka ko a wuce kamar ba a gani ba. Ka tambaya me za ka karanta, kuma yaya ake yin rubutun da zai yi nauyi.

Ni tsohon malamin makaranta ne a nan Kano, kuma a zaɓen 1979 na fara dangwala ƙuri'a, saboda haka mahaifinka ko dai sa'ana ne ko yayana. Ka gaishe shi. Abin da zan faɗa maka ya shafe shi, ya shafe ni ma: mu da muka ga wannan zamani ba shaidu ne 'yan ba-ruwanmu ba. Kowannenmu yana da tuta a hannu a lokacin, kuma tutar tana nan a zuciya har yau. Ɗan taɓo zai ba ka labari a matsayin Rimi ya ci amanar Malam. Ɗan santsi zai ba ka shi a matsayin wasu na kusa da Malam ne suka so a sayar da jam'iyya ga NPN, jam'iyyar Shagari mai mulkin ƙasa, matasa suka ƙi. Tsohon ɗan NPN kuwa zai ce maka dukansu hayaniya suka yi, aminci yana wajen Shagari. Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa abin da ya gani daga inda ya tsaya yake faɗa, kuma shekara 40 da ɗoriya sun goge wasu wurare sun ƙara wa wasu gishiri. Idan ka ɗauki bakin mutum ɗaya ka zuba shi a matsayin tarihi, jikan ɗaya ɓangaren zai zo ya zage ka, kuma yana da ɗan uzuri.

To me za ka yi? Ka riƙa raba wa mai karatu abu uku a fili: abin da mahaifinka ya gani da idonsa, abin da aka ba shi labari, da abin da kai ka je ka karanta. Wannan kaɗai zai bambanta ka da galibin masu rubutun siyasa na yanzu. Idan ka ce “babana ya ce yana bakin Kofar Mata ranar kaza ya ga kaza”, babu mai ƙaryata ka, domin shaidar mutum ka kawo. Amma da zarar ka ce “kowa ya sani cewa kaza ne ya sa aka yi kaza”, ka ɗauko kayan da ba za ka iya saukewa ba.

Bari in ba ka misali da ranar 10 ga Yuli 1981. Abin da aka tabbatar shi ne gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma, gari ya hargitse, aka ƙona gine-ginen gwamnati, har da gidan rediyon jiha da ofishin jaridar Triumph, aka kuma kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Iyakar abin da za ka iya rubutawa kai tsaye ke nan. Wa ya tara mutanen, wa ya nuna musu gidan Dakta Bala, ashe fushin talakawa ne ko shiri ne, a nan za ka tarar kowace majalisa da nata labarin, kuma kowa yana rantsuwa. Na sha zama ana wannan musu har a tashi baram-baram, tsakanin mutanen da duk suna cikin garin a ranar. Mai rubutun kirki zai kawo bakin wannan, ya kawo bakin wancan, ya ce ga abin da jaridun makon suka buga, sannan in yana da ra'ayi ya faɗa da sunan ra'ayi. Kuma ka tuna 'ya'ya da jikokin mutanen da ake ambata suna nan da rai, suna karanta ka.

Game da abin karantawa, ni ba zan fara tura ka wajen manyan littattafai ba. Ka fara da jaridun zamanin, domin su ba su san yadda labarin zai ƙare ba. Littafin da aka rubuta bayan shekara 20 ya riga ya san wanda ya ci da wanda ya faɗi, sai ya jera komai ya nufi can. Jaridar ranar kuwa tana cikin duhu ɗaya da mutanen ranar. Amma ka san mai kowace jarida kafin ka gaskata ta. New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo na gwamnati ne, daga Kaduna da Zariya, kuma a Jamhuriya ta Biyu 'yan PRP ba su ɗauke su a matsayin nasu ba. Triumph gwamnatin Rimi ce ta kafa ta a 1980, tare da Albishir ta Hausar boko da Alfijir ta ajami, ka ga ba sai an faɗa maka inda suka karkata ba. Tribune ta gidan Awolowo ce. Concord da 'yar'uwarta ta Hausa, Amana, na Abiola ne, a lokacin yana NPN. Ka ɗauki mako guda, ka karanta shi a jarida uku, za ka yi mamakin yadda taro ɗaya yake zama “dubban jama'a” a nan, ya zama “'yan tsiraru” a can. Haka ma rediyo: abin da Rediyon Kaduna ta faɗa da safe, Rediyon Kano ta warware shi da yamma.

Wuraren neman waɗannan takardu ba ɓoyayyu ba ne. Akwai Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam kansa, wanda yanzu cibiya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Akwai Arewa House a Kaduna, da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Ka je da littafin rubutu da haƙuri. Ba komai za ka samu ba, wasu bugu sun ɓata, wasu sun yage, amma abin da ka samu zai ishe ka rubutun wata shida.

Ga wani abu da nake so matasa su sani, domin yana nuna yadda karatu yake ba rubutu ƙashi. Kowa yana jin ana cewa “sha biyu da sulusi biyu”, amma kaɗan ne suka san Kano ce jihar da aka yi rigimar a kanta. Dokar zaɓen 1979 ta ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya samu rubu'in ƙuri'u a sulusi biyu na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. Shagari ya samu rubu'in a jiha 12 cif, ta 13 ita ce Kano, inda ya tsaya a kusan kashi 20 cikin 100, domin Kano ta Malam ce. Awolowo ya ce sulusi biyu na 19 dole a cika shi ya zama 13, tunda ba a gutsura jiha, saboda haka a tafi zagaye na biyu. Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya ce a'a, 12 ne da sulusi biyu, don haka abin da ake bukata a Kano shi ne rubu'in sulusi biyun ƙuri'unta, wanda Shagari ya wuce. Hukumar zaɓe, FEDECO, ta tsaya a kan haka, Kotun Ƙoli ta tabbatar a ƙarshen Satumba, aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba, Akinjide kuma ya zama ministan shari'a. To ka ga idan mahaifinka ya ce maka “mu ne muka kusa hana Shagari mulki”, ba cika baki yake ba, ga lissafin. Rubutun da ya haɗa maganarsa da wannan lissafi, ko abokin gaba ya karanta sai ya tsaya.

Akwai kuma kurakuran da nake gani kullum, waɗanda karatu kaɗan zai hana. Kano ta 1979 ta haɗa da Jigawa, ba a raba su ba sai 1991. Kaduna ta Balarabe Musa ta haɗa da Katsina har 1987, kuma ba za ka gane yadda ɗan PRP ya zama gwamna alhali NPN ce da rinjaye a majalisar jiha ba sai ka riƙe wannan taswira a kai. Majalisar ta ƙi amince masa da kwamishinoni, ta tsige shi a watan Yuni 1981. Wanda ya gaje shi Abba Musa Rimi ne, kuma na ga masu rubutu da yawa suna cakuɗa shi da Abubakar Rimi na Kano. Shi na Kano ajiye mulki ya yi a 1983 ya koma jam'iyyar NPP, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa, sannan Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da Abubakar Rimi a zaɓe, watanni kaɗan bayan rasuwar Malam a ranar 17 ga Afrilu. Sabo bai daɗe a kujera ba soja suka zo ranar 31 ga Disamba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne maganganun da ake liƙa wa matattu. Sai ka ga hoton Malam ko na Sardauna, an rubuta wata magana a ƙasa wadda ta yi daidai da rigimar wannan mako, ba wuri, ba rana, ba wanda ya ji. Haka ake yi wa Sa'adu Zungur, a jingina masa baiti a kan abin da ya faru bayan mulkin kai, alhali ya rasu tun 1958. Kada ka taɓa tura irin wannan. In ba ka san inda aka faɗi magana ba, ka bar ta, ko da ta yi maka daɗi. Musamman ma in ta yi maka daɗi.

Batun zagi da rashin masu karatu kuwa, kada ka auna kanka da sojojin baka da yaran 'yan siyasa da ake saya wa data. Su aikinsu na yini ɗaya ne, gobe an shafe an sake wani, kuma in ubangida ya sauya sheƙa su ma sun sauya. Dogon rubutu ba ya tara dubban masu dangwala yatsa, amma 'yan kaɗan da suka karanta shi har ƙarshe su ne za su turo maka gyara, su haɗa ka da wani dattijo, wani ma ya ɗauko maka tsohon katin jam'iyya daga ƙasan adaka. Mai zagi kada ka tanka masa. Mai gyara da hujja ka gode masa a bainar jama'a, ka gyara a cikin rubutun, ka nuna ka gyara.

Ni al'adata, abin da na rubuta da dare ba ya fita sai ya kwana. Da safe in sake karantawa, in cire duk jimlar da na ji na rubuta ta ne don in ƙuntata wa wani. Yawanci su ne jimlolin da suka fi yi mini daɗi jiya. Ka kuma kiyaye zargin mutum mai rai da sata ko kisa ba tare da takarda a hannu ba, domin ban da alhaki, akwai dokar laifukan intanet ta 2015, kuma an sha kama mutane a kan abin da suka rubuta. Sannan ka yi rubutu ɗaya a kan abu ɗaya. Kada ka fara da kafa NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam, a 1950 ka ce sai ka dire a zaɓen 12 ga Yuni 1993 a zama guda. Shi kansa yadda Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano, jihar Tofan, ya isa rubutu mai zaman kansa.

Da ni ne kai, da soke haraji da jangali da gwamnatin Rimi ta yi zan fara. Kowa yana ambatarsa a jimla ɗaya ya wuce, amma yaran yanzu ba su san mene ne harajin ba. Ka zaunar da mahaifinka, ka kunna rikoda ta waya, kada ka tambaye shi wa ya fi wani tsakanin Malam da Rimi, don wannan amsar ya haddace ta. Ka tambaye shi nawa ake biya, wa yake zuwa karɓa, mai unguwa ne ko dagaci, a wane lokaci na shekara, me ake yi wa wanda ya kasa, ya taɓa ganin wanda ya bar gari ko ya sayar da akuya saboda shi, kuma a ina yake ranar da ya ji an soke. In ya rikita shekara kada ka katse shi, ka tambaye shi kafin aurensa ne ko bayan, kafin Maitatsine ne ko bayan, tunda wannan Disambar 1980 ce, daga baya ka daidaita. Sai ka nemi Bafulatani dattijo ya ba ka na jangali, ka nemi wanda gidansu gidan sarauta ne ya gaya maka yadda abin ya zo musu, don ta nan kuɗin tafiyar da mulkin gargajiya da ƙarfin faɗa-a-ji suke fitowa.

Kada kuma ka tsaya a zaure. Matan Arewa ba su yi zaɓe a Jamhuriya ta Farko ba, duk da ɗauri da dukan da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha a kan haka. Zaɓen 1979 ne babban zaɓen ƙasa na farko da suka fita layi. In mahaifiyarka ko gwaggonka ta isa zaɓe a lokacin, ka tambaye ta wa ya raka ta rumfa, da rana suka fita ko sai da la'asar ta yi sanyi, mabuɗin PRP ta dangwala wa ko gida da masarar NPN, kuma maigida ya san abin da ta zaɓa ko bai sani ba. Ka yi mata tambayar lokacin da babanka ba ya nan. In ka rubuta, ka turo mana nan mu karanta.