Shekara 4 ni kaɗai ke wankin kayan ciki ranar Sallah

Salamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Ina aure a wani ƙauye kusa da Ringim, gidan gandu ne, mu uku ne facaloli kuma ni ce ƙarama. Ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce aikina ne, amma duk Babbar Sallah da an sauko idi an yanka raguna sai kawai in ga an dire min bahon kayan ciki, tumbi da hanji na rago uku, ni kaɗai a bayan ɗaki da buta da tsinke ina juya hanji har la'asar, su Yaya kuwa suna rumfa suna soya hanta da ƙoda ana ta hira. Lallen da na kwana da shi ya koɗe, ɗinkin sallata yana cikin akwati. Washegari suyar nama, rana ta uku babbakar kai da ƙafa, sai rana ta huɗu nake zuwa gidanmu, lokacin 'yan uwana duk sun watse. Ga kwanukana, a zuba tuwon sallah a kai gidan su Gwaggo su dawo ba murfi. Wlh ina son mutanen gidan nan, Inna ba ta taɓa min kallon banza ba, shi ya sa ma nake jin nauyin magana. Ya zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Wannan ba rashin haƙuri ba ne, abin da ciwo. Shekarar farko kin karɓa saboda kunyar amarci, kowa ya ga kin iya, shi ke nan ya zama naki, kuma ina kyautata zaton babbar facalarki ma ta sha wannan bahon kafin ki zo.

Kar ki yi maganar ranar yanka, kowa a gajiye yake, za a ce ƙyuya ce. Sallah 10 ga Zulhajji take, da an ga wata kina da kwana tara. Ki samu Yayar taku ku biyu ki ce, "Yaya, bana da za mu haɗu a kayan cikin nan kowa ta ɗau na ragon mijinta, da kafin azahar mun gama." In ta amince ku je wajen Inna tare, ita za ta faɗa da bakinta, kin fita daga zargi.

Zuwa gida kuwa hurumin maigidanki ne, ki roƙe shi tun yanzu ya kai ki yammacin washegarin sallah bayan an sauke suya, ki tafi wa da mahaifiyarki cinya, babbaka ta jira ki dawo. Ni wannan ya fi damuna ma, ki gaida iyayenki da sauran ɗumin sallah.

Kwanukan ki ɗiga musu jan farce a gindi da cikin murfi, yaron da aka aika kuma ki ce ya tsaya a juye ya dawo miki da abinki.