Fitilun motata suna dushewa: batir ne ko altaneta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2004 a Jidda. Na sauya batir sau biyu cikin shekara guda, amma fitilu suna dushewa idan na kunna na'urar sanyaya mota, kuma tana wahalar tashi da safe. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayi batir na uku kafin a auna wuta da mita. Idan motar ta kwana a kashe, lafiyayyen batir yana nuna kimanin volt 12.6, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba yayin tayar da inji. Bayan inji ya tashi, a nemi tsakanin 13.8 da 14.5, idan ya gaza 13 alhali fitilu suna kunne, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan inji yana aiki, ba ta caji sosai, ko kuma bel ɗinta ya saki.

Sai dai ni na fi zargin wayoyi, domin danshin gishirin Bahar Maliya yana cin kawunan batir da wayar da ta haɗa shi da jikin mota, kuma tsatsar kan ɓoye ƙarƙashin roba inda ido ba ya kaiwa. A kwance su, a goge da burushin ƙarfe, a ɗaure tamau.

Idan duk wannan lafiya ne, to wani abu yana shan wuta cikin dare. Mai gyaran lantarki ya auna. Abin da ya wuce miliamfiya 50 ya yi yawa, sai ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har adadin ya faɗi, a nan zai gane layin da ke shan wutar.