Me ya sa hasumiyoyin katako na Japan ba sa faɗuwa a girgizar ƙasa?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa Japanawa suna gina wuraren ibadarsu da katako ba tare da ƙusa ba, kuma girgizar ƙasa ba ta kayar da su. Gaskiya ne, ko kuwa gishiri aka sa wa labarin?

Amsa: Akwai gaskiya a ciki, amma maganar ta fi dacewa da hasumiyoyin wuraren ibadar mabiya Buddha. Hasumiya mai hawa biyar ta Horyuji, kusa da birnin Nara, wadda tsawonta ya kai wajen mita 32, an sake gina ta ne bayan gobarar shekarar 670, kuma har yau tana tsaye.

Dabarar tana wurin haɗin katako. Kafintan wurin ibada, wanda suke kira miyadaiku, yakan fafe rami a jikin wani katako, ya sassaƙa harshe a bakin wani, ya zura wannan cikin wancan, sa'annan ya tsuke su da 'yar tsinken itace. Ana amfani da ƙusa a wasu sassa, sai dai ba ita ke riƙe da ginin ba. Idan ƙasa ta motsa, kowace mahaɗa takan ɗan goce tana gugar 'yar'uwarta, gugar nan kuwa ita ke cinye ƙarfin girgizar. Haka kuma kowane hawa ɗora shi aka yi a kan na ƙasansa, don haka wannan ya karkata dama, na samansa ya yi hagu, kamar tafiyar maciji.

A tsakiya akwai dogon ginshiƙi mai suna shinbashira, wanda bai ɗauki nauyin benayen ba. Injiniyoyi suna muhawara kan iyakar amfaninsa, amma dai masu ginin Tokyo Skytree, hasumiyar watsa shirye-shiryen talabijin da rediyo ta birnin Tokyo mai tsawon mita 634, da aka buɗe a 2012, sun ari tunanin, suka sa ginshiƙin kankare a cikinta.

Kada a ɗauka duk ginin katako haka yake. A girgizar ƙasar birnin Kobe ta 1995, wadda ta hallaka mutane fiye da 6,000, tsofaffin gidajen katako masu rufin yumɓu mai nauyi sun rufta da yawa. A ganina ma, wuta ce babbar abokiyar gabar waɗannan hasumiyoyi: ta Toji da ke Kyoto, mai tsawon kusan mita 55, ta sha ƙonewa, galibi saboda faɗuwar tsawa, kuma wadda ake gani yanzu ginin 1644 ce.