Ga ƙanenmu mai shirin karatu a Jamus: gaskiyar maganar 'yan Nazi

Assalamu alaikum, ƙanenmu. Saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a wuri biyu, ɗaya a Cottbus da ke gabashin Jamus, ɗaya a wani babban birni a yamma, sai Hajiya ta ga bidiyon wasu ƙarti masu askin ƙwal-kwabo suna maci da tutoci, hankalinta ya tashi har tana cewa a fasa tafiyar. Kana son sanin ko mutanen nan sun yi yawan da za ka riƙa cin karo da su a kanti da cikin mota, ko kuwa intanet ce ke kambama abin.

Ɗan Nazi na haƙiƙa, wanda ya riƙi abin a matsayin aƙida, ba shi da yawa. Hukumar tsaron cikin gida ta Jamus, wadda ake kira Verfassungsschutz, tana fitar da ƙidaya duk shekara. A rahotonta na 2023 ta ce masu tsattsauran ra'ayin ƙyamar baƙi sun kai kimanin 40,600, daga cikinsu 14,500 ne take ganin a shirye suke su yi amfani da ƙarfi. A rahoton 2024 jimillar ta haura 50,000. Ƙasar tana da mutane sama da miliyan 83. In ka raba, mai iya ɗaga hannu ya doke ka saboda launin fatarka bai wuce mutum ɗaya cikin dubu biyar zuwa shida ba. Ɗalibi yana iya gama karatunsa a Hamburg ko Köln bai yi ido biyu da wanda zai rantse ɗan Nazi ne ba.

Sai dai lissafin yana da yaudara, domin ba a warwatse suke daidai-wa-daida ba. Suna taruwa a wasu garuruwa, wasu unguwanni, wasu lokuta. Kuma ba su kaɗai ba ne abin dubawa.

Bayansu akwai masu zaɓen AfD, jam'iyyar da ke adawa da shigowar baƙi. A zaɓen tarayya na Fabrairun 2025 ta samu kashi 20.8 cikin ɗari. A zaɓukan jihohin gabas na Satumban 2024 ta zo ta ɗaya a Thüringen da kashi 32.8, ta samu 30.6 a Sachsen, da 29.2 a Brandenburg, jihar da Cottbus take. Kuskure ne a ce duk wanda ya zaɓe ta ɗan Nazi ne. Da yawa haushin gwamnati da tsadar rayuwa ne ya kai su. Amma inda mutum uku cikin goma suka kaɗa wa masu cewa baƙi sun yi yawa ƙuri'a, mai zaginka a tasha ya san ba lallai wani ya kwaɓe shi ba, sai bakinsa ya ƙara buɗewa. Nan ne bambancin gabas da yamma yake fitowa a zahiri.

Sannan ga abin da zai fi cin ranka, wanda ba shi da tuta ba shi da jam'iyya: mai gidan da ya ga sunanka ya ƙi amsa wasiƙarka, mai gadin kanti da ke bin bayanka, kujerar kusa da kai da ake bari babu kowa a mota cike, ɗan sandan da ya tsallake mutum talatin a jirgi ya zo kanka neman takarda. A 2023 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyar Turai ta fitar da binciken da ta yi a tsakanin baƙaƙen fata a ƙasashe 13. A Jamus kashi 76 suka ce an nuna musu wariya cikin shekaru biyar da suka gabata, mafi yawa a duk ƙasashen, alhali matsakaicin ƙasashen kashi 45 ne. Wannan ce wariyar da za ka gani. Masu yin ta yawanci mutanen gari ne kawai, waɗanda ma za su yi fushi in ka kira su 'yan Nazi.

Kada kuma a yi wa Hajiya ƙarya, an kashe mutane. Amadeu Antonio, ɗan Angola, taron matasa suka yi masa dukan da ya yi ajalinsa a Eberswalde a 1990. Samuel Yeboah, ɗan Ghana, ya mutu a gobarar da aka cinna wa gidan masu neman mafaka a Saarlouis a 1991, sai a 2023 aka hukunta wanda ya aikata. Ƙungiyar NSU, wata ƙungiyar ɓoye ta 'yan Nazi, ta kashe mutum goma tsakanin 2000 da 2007, takwas 'yan asalin Turkiyya, ɗaya ɗan asalin Girka, da 'yar sanda ɗaya, kuma shekara da shekaru masu bincike suna zargin dangin mamatan kafin asiri ya tonu a 2011. A Hanau, kusa da Frankfurt, ranar 19 ga Fabrairun 2020, mutum ɗaya ya harbe mutum tara 'yan asalin ƙetare. Ka lura Saarlouis da Hanau duk a yamma suke. A Dortmund ma akwai unguwar Dorstfeld da ta daɗe da suna a kan wannan. Yamma ta fi sauƙi, ba wai an yi mata tsari ba ne.

Yadda ake gane su ya canza. Askin ƙwal-kwabo da takalmin soja yayi ne na shekarun 1990. Na yanzu kayan wasanni yake sawa, ba ka bambance shi da kowane saurayi mai zuwa ɗaga ƙarfe. Sashe na 86a na kundin hukunta laifuka ya haramta nuna swastika, wato tambarin 'yan Nazi, da gaisuwar Hitler a bainar jama'a, hukuncin tara ne ko ɗauri har shekara uku. Shi ya sa suka koma magana da lambobi. H ne harafi na takwas, don haka 88 na nufin gaisuwar Hitler, 18 kuma A da H, harufan farko na sunansa. Akwai tuta mai baƙi da fari da ja ta tsohuwar daular Jamus, wadda ta bambanta da tutar ƙasar ta yanzu mai baƙi da ja da ruwan zinariya. Akwai zanen da suke kira baƙar rana, da'ira mai lanƙwasassun hannuwa goma sha biyu, sau da yawa a zane a gwiwar hannu ko ƙwauri. Akwai tufafin Thor Steinar da aka san su da sawa. Alama ɗaya ba hujja ba ce, mai 88 a riga wataƙila shekarar haihuwarsa ce. In ka ga biyu ko uku a jikin mutum ɗaya, ka san da wa kake.

Ma'aunin unguwa mafi sauƙi shi ne 'yan takardun da ake liƙawa a turakun fitila da tashoshin bas. Kafin ka sa hannu a takardar haya, ka zaga unguwar da ƙafa da rana. In takardun ƙyamar baƙi suna nan sababbi ba wanda ya kankare, unguwar ta gaya maka halinta. In an kankare su ko an liƙa wasu a kai, akwai masu tsaya musu.

Wani gargaɗi da ya shafe ka kai kanka: a gida akan yi wasa da sunan Hitler, a nan ba a yi. A 2017 an kama wasu Sinawa biyu 'yan yawon buɗe ido a gaban ginin majalisar dokoki a Berlin don sun ɗaga hannu irin gaisuwar suna ɗaukar hoto. Tura hotonsa ko swastika a zauren WhatsApp mai jama'a ma yana iya jawo maka shari'a.

Haɗarin yana da lokaci, kuma kusan kullum da giya a ciki. Jirgin ƙasa mai tsayawa ƙauye-ƙauye a daren Juma'a da Asabar. Ranar wasan ƙwallo, awa biyu kafin wasa da bayansa, a kewayen tasha. Ranar da suke kira Herrentag ko Vatertag, wata Alhamis ta hutu da yawanci take faɗowa a Mayu, wadda maza ke fita rukuni-rukuni suna sha tun hantsi. Bukukuwan ƙauye, bakin tafki da daddare a lokacin zafi, gidan mai bayan tsakar dare. A Dresden, kwanakin da ke kewaye da 13 ga Fabrairu, lokacin da suke macinsu na shekara. Irin wannan maci sai an sanar da hukuma kafin a yi, jaridun gari suna faɗin hanyar da zai bi, don haka kauce masa ba wuya. Bidiyon da Hajiya ta gani mai yiwuwa irinsa ne, kuma abin da ba a cika nunawa ba shi ne masu adawa da su kan fito su ma, sau da yawa su fi su yawa. A Janairun 2024, da aka fallasa wani taron sirri a Potsdam inda aka tattauna korar baƙi, mutane dubu ɗaruruwa suka cika titunan biranen ƙasar suna Allah wadai.

In dare ya yi maka a jirgi, ka zauna a taragon gaba kusa da direba ko inda mai duba tikiti yake. In wani ya fara tsokana, kada ka rama zagi, ka tashi ka canza wuri. In ya biyo ka, ka ɗaga murya ka ce "Lassen Sie mich in Ruhe", wato ka rabu da ni. Kalmar Sie ɗin tana da amfani: ita ake faɗa wa wanda ba a sani ba, sai jama'a su gane ba faɗan abokai ba ne. Kada ka ce a taimaka, kowa zai kalli ƙasa. Ka ware mutum ɗaya, mai jar riga ko mai tabarau, ka ce ya kira 110, lambar 'yan sanda. Ta motar asibiti 112 ce. Kusa da ƙofa akwai maɓallin magana da direba, shi za ka danna.

Kada ka ɗauki wuƙa don kariya. Doka ta yarda ka kare kanka gwargwadon harin, amma abin da ke lalata shari'ar 'yan'uwanmu shi ne ramuwa: maharin da abokansa uku su riga ka kai ƙara, su yi wa juna shaida, kai da aka zalunta ka koma wanda ake tuhuma, kuma hukuncin kotu yana iya shafar takardar izinin zamanka.

In abin ya faru, Allah ya kiyaye, a ranar za ka ga likita ka karɓi takardar shaidar rauni, Attest suke ce mata, ko da ciwon ƙanƙane ne. Ka ɗauki hoton raunin, kada ka wanke tufafin. Ka rubuta komai kafin ka kwanta: lokaci, wuri, lambar jirgi, kamannin mutum, da ainihin kalmomin da ya furta. Kalmomin nan su ne komai, domin da su ake tabbatar da cewa ƙyamar launin fata ce dalili, kotu kuma tana tsananta hukunci a kan haka. In ba ka faɗe su ba sai a rubuta faɗan titi kawai. Ka karɓi lambar wayar shaidu tun a wurin. Ka kai ƙara da wuri saboda hoton kyamara ba ya daɗewa, cikin 'yan kwanaki ake goge shi. In Jamusancinka bai nuna ba ka nemi tafinta, kada ka sa hannu a abin da ba ka fahimta ba, kuma ka karɓi lambar ƙarar. Lauyan wanda ake zargi yana iya duba fayil ɗin, saboda haka ka nemi a rubuta wani adireshi maimakon na ɗakinka. In zagi ne ba duka, wata uku kake da su ka nemi a hukunta shi a rubuce, in sun wuce shi ke nan.

Ba kai kaɗai za ka yi duk wannan ba. Akwai cibiyoyin tallafa wa waɗanda aka kai wa irin wannan hari: Opferperspektive a Brandenburg, ReachOut a Berlin, ezra a Thüringen, RAA a Sachsen. Kyauta ne, cikin sirri, suna raka mutum wurin 'yan sanda da kotu, kuma ba sa sharɗanta sai ka kai ƙara. Ka sa lambar ta jiharka a waya tun makon farko.

Batun gida kuwa, ranar da takardar gurbinka ta zo ka nemi ɗaki a gidajen ɗalibai na Studierendenwerk, can layi ake bi, ba fuska ba. In mai gida ko mai aiki ya ƙi ka saboda asalinka kuma kana da shaida a rubuce, dokar hana wariya ta 2006 ta ba ka wata biyu kacal ka gabatar da buƙatarka. Yawanci ana rasa haƙƙin ne don an yi ta shawara har wa'adin ya wuce.

In za ka zo da iyali daga baya, ka sani mace mai hijabi ta fi ka shan kallo da baƙar magana, domin tana ɗauke da alama biyu. Marwa El-Sherbini, 'yar Masar, a cikin ɗakin kotu a Dresden aka kashe ta a 2009, wanda ya zage ta saboda hijabinta ne ya daɓa mata wuƙa. Ga mai iyali, babban gari mai masallatai da baƙi da yawa ya fi.

Game da zaɓinka: in darussan biyu daidai suke kuma aljihunka zai ɗauki hayar yamma, ka tafi yamma, za ka fi sakewa, aikin ɗalibai ma ya fi samuwa. In kuwa darasin Cottbus ne ya fi dacewa da abin da kake nema, ko kuɗin ba zai kai ba, kada ka yar da gurbin. Garin ya yi suna da ƙungiyoyin ƙyamar baƙi, wannan gaskiya ne, amma jami'ar tana cike da ɗalibai baƙi har da 'yan Afirka da yawa, suna gamawa suna wucewa. Sharaɗin shi ne ka zauna kusa da harabar jami'a, ba ƙauyen da ke nesa don arhar haya ba, ka guji dawowar dare kai kaɗai a ƙarshen mako, ka koyi Jamusanci gwargwadon iya magana da ɗan sanda da likita.

Kafin ka yanke, ka rubuta wa ofishin ɗalibai baƙi na kowace jami'a ka nemi su haɗa ka da ƙungiyar ɗaliban Afirka ko ta Musulmi, wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Kada ka tambaye su ko garin lafiya, kowa zai ce lafiya lau. Ka tambaye su wace unguwa ba sa zama, wane jirgi ba sa hawa bayan ƙarfe goma, kuma yaushe ne na ƙarshe da aka taɓa wani cikinsu. Ka gaida Hajiya, ka karanta mata amsar da suka ba ka.