Me Ya Sa Titus Bai Yi Kama Da Karfasa Ba?

Tambaya: Malam, ina sayen kifin ƙanƙara a babbar kasuwar Gombe. Na lura titus dogo ne mulmulalle, karfasar madatsar ruwan Dadin Kowa kuwa faffaɗa. Me ke kawo wannan bambanci? Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Malama, kin yi lura mai kyau. Sirrin yana wurin zaman kifin. Ruwa ya fi iska nauyi wajen ninki 800, don haka duk kifin da surarsa ba ta dace da inda yake kiwo ba, ƙarfinsa zai ƙare a tura ruwa.

Titus ɗan buɗaɗɗen ruwan arewacin Tekun Atlantika ne, inda babu maɓoya sai gudu. In za ki gyara shi, ki duba: kai mai tsini, tsakiya mai kauri, gindin wutsiya siriri, wutsiyar kuma a rabe biyu. Dab da ita akwai ƙananan fikafikai biyar a sama, biyar a ƙasa, masu daidaita ruwan da ke bin jikinsa. Ki buɗe cikinsa, ba za ki ga jakar iskar da ke riƙe karfasa a tsakiyar ruwa ba. Shi ya sa ba ya daina iyo, in ya tsaya sai ya nitse.

Karfasa kuwa tsakanin ciyayi take rayuwa, juyawa da tsayawa cak suka fi mata amfani. Haka kifayen da ke zaune cikin duwatsun murjani suke a teku, faffaɗa ta gefe, amma ba sa jure doguwar tsere.

Wanda ya fi ban mamaki shi ne kifin da ke kwanciya da gefe ɗaya a kan yashin ƙasan teku. Ana ƙyanƙyashe shi da ido ɗaya kowane gefe, yana girma ɗayan ya zagayo, duka biyun su koma gefen da ke kallon sama. A 2008 masani Matt Friedman ya bayyana burbushin kakanninsa na kimanin shekara miliyan 50, waɗanda idonsu ya tsaya a rabin hanya.

A kula, kifi ɗaya ba ya sauya surar jinsinsa. Cikin dubban ƙwai, waɗanda jikinsu ya fi dacewa da wurin su ne ke tsira su haihu, 'ya'yansu su gaji surar, zuriya bayan zuriya.